Yadda za ka hau Mambilla ka ɗanɗana shayi a gindin bishiyarsa

Mahaifina mai shayi ne. Ya fi shekara 20 yana kafa tebur a bakin tasha a Jalingo, ni kuma tun ina firamare nake hura masa gawayi kafin asuba ina wanke kofuna. Na san ƙarar cokali a gindin kofi, na san wanda ke son haɗin kauri da wanda ruwan bunu kawai yake sha, na san adadin cittar da buta take ɗauka. Amma har na kai shekara 30 ban taɓa ganin bishiyar da ganyen ke fitowa daga jikinta ba, alhali a jiharmu ta Taraba ake noma ta, a Kakara, kan tsaunin Mambilla. Tun da na hau karon farko nake komawa, kuma duk wanda ya tambaye ni yadda ake zuwa abu ɗaya nake fara faɗa masa: ka ware kwana 3 aƙalla, kuma ka ƙudurta cewa za ka sha shayi babu sukari babu madara. Wanda ya je ya ɗauki hoto a cikin gona ya juyo, kore kawai ya gani, kuma kore akwai shi a gonar masara ma.

Hanya daga Jalingo tafiyar yini ce, don haka a tashi da an idar da sallar asuba. Za ka bi ta Garba Chede, ka wuce Bali, ka isa Serti inda hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take. A nan nake tsayawa in ci abinci, in haɗa azahar da la'asar, in cika tanki. Daga Serti sai Mayo Selbe, gindin dutsen ke nan, kuma a nan ne tafiyar ke canza kama. Titi ya fara nannaɗe tsauni, kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami mai zurfi a ɗayan. Akwai hawan da ake kira Biyu da Sisi. Mutanen wurin suna cewa sunan ya samo asali daga ladan da ake biyan 'yan dako a zamanin Turawa, sule biyu da sisi, su haura da kaya a ka. Kunnenka zai toshe, ka haɗiye yawu ya buɗe. Mai yawan amai a mota ya zauna gaba. Idan kai ke tuƙi, a duba maka birki tun a Jalingo, kuma a dawowa ka sauko da ƙaramar giya, kada ka ɗora wa birki nauyin motar duka, domin in ya yi zafi yakan daina kamawa. Kada dare ya riske ka a kan wannan hawa. Hazo na sauka ba sallama, har ka kasa ganin abin da ke gaban motarka. Kafin ka taso kuma ka tambayi direbobin layin Gembu a tasha halin da hanya take ciki a makon nan, na tsaro da na gadoji, don su ne ke da labarin jiya.

Da ka ƙare hawan ka shigo Maisamari za ka ji iska ta sauya. Tuddai ne masu ciyawa har iyakar ganinka, shanun Fulani manya a warwatse, da layukan bishiyar zaiti. Tsaunin yana da tsayin kusan mita 1,600 daga doron teku, kuma da rana zafi ba ya cika wuce digiri 25. Gaba sai Nguroje, sannan Gembu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna. Sunan Sardauna ya samo asali ne daga ƙuri'ar raba gardama ta 1961, lokacin da Arewacin Kamaru da ke hannun Ingila ya zaɓi haɗewa da Najeriya aka sa wa yankin Lardin Sardauna. A Gembu masauki ya fi samuwa. Kakara kuwa sai an ratse daga babban titi, kuma duk mai babur ko direban tsohuwar Land Rover a Nguroje ko Gembu ya san wurin. Ka riƙe tsabar kuɗi a aljihu saboda sabis na waya yana zuwa yana ɗaukewa. Ka zo da rigar sanyi mai kauri, safa, laima da takalmin da ba ya tsoron taɓo. A masauki ka roƙi ruwan zafi tun da dare saboda alwalar asuba. Ba wasa nake ba, ruwan Disamba a Gembu yana sa yatsu su sandare.

Batun lokacin zuwa, ina da ra'ayi kuma ba kowa ya yarda da ni ba. Damina a can doguwa ce, takan faro tun wajen Maris ko Afrilu ta kai Oktoba. A lokacin gona ta fi kyan gani, ganye ya yi yawa, injina suna aiki sosai, amma hanya ta fi wuya kuma ganyen da ya girma da gaggawa cike yake da ruwa. Da rani bishiyar tana toho a hankali, ganye ya yi kaɗan amma ɗanɗanonsa ya tattaru. Ni na fi son ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba: ruwa ya ja baya, tuddai ba su bushe ba tukuna, kuma akwai ganyen da ake sarrafawa. Wannan jinkirin girma shi ne ma dalilin da ya sa shayin tsauni ya fi na kwari ƙamshi a ko'ina a duniya. Bishiyar na son sanyi, da ruwan sama mai yawa, da ƙasa mai tsami wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Mambilla ta haɗa duka, shi ya sa a shekarun 1970 aka kawo irin shayi daga Kenya aka dasa a nan, kuma daga nan ganyen shayin Highland Tea ke fitowa.

Gonar da masana'antar wurin aiki ne, mutane suna neman abincinsu a ciki, don haka a nemi izini kafin a je. Ka aika saƙo ga hukumar kamfanin ko ka bi ta hannun wanda ya san ma'aikatan, ka faɗi ranar zuwanku, ku nawa ne, da abin da kuke son gani. Ka zaɓi ranar aiki. Ayari ya zama ƙarami; mutum 4 zuwa 6 sun isa, fiye da haka ba wanda zai ji bayani saboda ƙarar inji. Sannan kada ka tsaya kan babbar gona kaɗai. A ƙauyukan kewaye akwai ƙananan manoma da ke da 'yan filayen shayinsu suna sayar wa masana'anta ɗanyen ganye, kuma a wurinsu na fi koyon abu, domin mai gona da kansa zai zagaya da kai ba tare da duba agogo ba. A Kusuku kuma akwai tashar Cibiyar Binciken Koko ta Najeriya, inda ake bincike kan shayi da kofi. In kana son sanin bambancin iri da iri, can za ka nufa.

Safiyar ranar, ka kiyaye bakinka. Babu goro, babu sigari, babu abinci mai yaji ko albasa, kuma kada ka fesa turare, don hanci ne ke yin fiye da rabin aikin ɗanɗano. Ka yi asuwaki tun da asuba maimakon man goge baki, wanda ke barin sanyinsa a harshe na tsawon lokaci. Burodi zalla ko ayaba sun isa karin kumallo. Kada kuma ka zo da wofin ciki, shayi mai ƙarfi a cikin da babu komai yana tayar da zuciya.

Ka isa gona da sassafe, raɓa ba ta bushe ba. Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne yadda saman bishiyoyin ya daidaita kamar an shimfiɗa tabarma, iya ƙugu. Ba haka Allah ya halicce ta ba; in aka ƙyale ta takan zama itace dogo da ya fi ɗaki tsayi. Datse ta ake yi duk bayan 'yan shekaru don ta yi ta fitar da sabon toho a inda hannu zai kai. Ka gaida masu tsinka tukuna. Yawancinsu iyayenmu mata ne, da kwando a baya. "Sannu da aiki, Inna" ta wadatar, in kuma ka iya cewa "useko" da Fulatanci wajen godiya za ka ga fuska ta saki, domin Fulatanci ne harshen da Mambilla da Kaka da Fulani da sauran ƙabilun tsaunin suka fi haɗuwa a kansa. Kada ka ɗauki hoton kowa sai ya yarda. Kuma kada ka tsayar da mutum da dogon surutu: a gonakin shayi galibi bisa nauyin abin da ka tsinka ake biyanka, duk mintin da ta ba ka daga cefanenta ya fita. In wata ta tsaya ta koya maka, ka yi mata ihsani kafin ka wuce.

Abin da za ta koya maka shi ne ganye biyu da ɗan toho. A kan kowane reshe akwai tsinin da bai buɗe ba, sai ganye biyu masu laushi a ƙarƙashinsa, launinsu ya fi sauran haske. Su ake tsinkewa da babban yatsa da manuni. Ka taɓa ganye na huɗu ka ji yadda ya yi tauri. Shi ne ke sa shayi ya yi salam da kara-kara a ciki idan an yi ha'inci wajen tsinka. Bayan mako ɗaya zuwa biyu a sake zagayowa kan bishiyar nan. Wajen kilo 4 da rabi na ɗanyen ganye ne ke ba da kilo 1 na busasshen shayi, ka auna wannan da kwandon da ke bayanta.

Ga wani abu da nake sa duk wanda na kai ya yi. Ka tsinki toho ɗaya ka shinshina: ƙamshin ciyawa kawai za ka ji, babu alamar shayi. Ka murje shi sosai tsakanin tafukanka har ya fitar da ruwa, ka naɗe a takarda ka sa a aljihu. Bayan awa ɗaya ka buɗe. Ya koma ruwan ƙasa, kuma wani ƙamshi mai kama da na 'ya'yan itace ya fara tashi. Irin abin da ke faruwa da goro ne idan ka fasa shi ka ajiye ya yi ja: iska ce ta haɗu da ruwan ganyen. Duk injinan da za ka gani a masana'anta wannan aikin suke yi, a bisa ma'auni. Koren shayin da ake dafa ataya da shi ma daga irin wannan bishiya yake. Bambancin kawai ana ba shi zafi tun yana ɗanye don a hana shi yin ja.

A cikin masana'anta ka bi ganyen daki-daki, kuma ka bi da hanci. Da farko ana baza shi a dogayen kwami ana busa masa iska ta ƙasa na tsawon awa 12 zuwa 18 har ya yi yaushi, ya zama in ka dunƙule shi ba ya karyewa. Daga nan sai injin da ake kira CTC, wanda aka ƙirƙiro a Assam ta Indiya a farkon shekarun 1930: ƙarafa ne masu haƙora suna juyawa, su murƙushe ganyen, su yayyaga, su dunƙule shi ƙanana. Yana fitowa kore shar kamar an daka zogale. Sai a bar shi ya sha iska, a gabanka zai riƙa juyewa zuwa launin jan ƙarfe. A nan gwanintar mai aiki take. In aka tsayar da wuri shayi ya yi bauri da ɗanye-ɗanye, in aka wuce ya mutu ya rasa kaifi. Sannan na'urar busarwa ta kashe aikin iskar, ganye ya koma baƙi. Ƙarshe sai rariya, a ware shi bisa girman ƙwaya kamar yadda mata ke ware tsaki da gari. Za ka ga haruffa a jikin buhu irin su BP1 mai manyan ƙwayoyi, PF1 matsakaici, da PD da D1 masu laushi. Mai laushin ba shara ba ne kamar yadda wasu ke zato. Shi ya fi saurin ba da launi da ƙarfi, shi ya sa masu tebur ke son sa.

Yanzu ɗanɗanon kansa, abin da ya kawo ka. Ni nakan zo da kayana don kada in ɗora wa kowa nauyi: fararen kofunan tangaran 4 iri ɗaya, fararen faranti ƙanana na rufewa, cokali, rariyar shayi, ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinare, da agogon waya. Dole kofi ya zama fari a ciki, in ba haka ba ba za ka ga launi ba. Ka sami samfuri 3, misali masu girman ƙwaya daban-daban na rana ɗaya, kuma ka zo da ganyen da ka saba sha a gida ka jera shi cikinsu. Ma'aunin da masu ɗanɗano ke bi a duniya, wanda ISO, hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ta rubuta a ƙarƙashin lamba 3103, shi ne giram 2 na ganye ga mililita 100 na tafasasshen ruwa, a rufe minti 6. Ya fi ƙarfin yadda ake sha a gida, kuma da gangan aka yi haka don duk aibin da ke cikin ganye ya fito fili. Kowane kofi ganye ɗaya, ruwa ɗaya, lokaci ɗaya. Ba a dafa shi a kan wuta yadda muke yi a tebur, zuba masa ruwan ake yi.

Kafin ka zuba ruwa ka duba busasshen ganyen a tafin hannu: baƙi ne mai tsabta, ƙwayoyinsa sun yi daidai, ko akwai jajayen zaruruwa na kara? Ka hura masa numfashi ka shinshina. Bayan minti 6 ka tace, ka juye jiƙaƙƙen ganyen a faranti, ka kai hanci tun yana tururi. Mai kyau launinsa jan ƙarfe ne mai haske, ƙamshinsa a buɗe. In ya yi duhu dusu-dusu an bar shi ya wuce lokaci. In ka ji ƙauri wuta ta yi yawa wajen busarwa. In ka ji warin ɗaki mai laima, ajiya ce ta ɓata shi. Sai ruwan: ka karkata kofin wajen haske ka nemi zobe mai ruwan zinare a gefe, alamar shayi mai rai ke nan.

Ka bari ya ɗan huce, ka ɗebi cokali ɗaya ka zuƙa da ƙarfi har ya yi ƙara. Na san an hore mu tun muna yara kada a ji ƙarar kurɓa a gaban mutane, amma a nan ita ce ƙa'ida, domin zuƙar ce ke watsa ruwan ko'ina a baki ta kai ƙamshi bayan hanci. Ka juya shi a baki, sannan ka tofar a wani kwano ko ka haɗiye kaɗan, ka kuskure da ruwa, ka koma kofi na gaba. Abin da nake so ka rarrabe shi ne ɗaci da bauri. Ɗaci a bayan harshe yake zama, kamar na maɗaci, kuma in ya yi yawa aibi ne. Bauri kuwa kamewa ce a gefen harshe da dasashi, irin ta ɗanyar kanya amma mai sauƙi, wadda ke wucewa ta bar baki wasai. Ita ake nema. Bayanta ka lura da nauyin ruwan a baki, ko ya cika shi ko ya wuce kamar ruwan zafi zalla, sannan abin da ya rage bayan ka haɗiye. A shayin Kakara na rani ni ina jin wani gardi a ƙarshe mai kama da na gasasshiyar dawa. Kai wataƙila wani abin za ka ji, ka rubuta shi da kalmominka a nan take, kafin ka ji na abokin tafiyarka, domin da ya furta nasa harshenka zai bi shi.

Zagaye na biyu sai ka ɗiga madara, cokali ɗaya a kowane kofi, ban da guda ɗaya. Ganye mai kyau zai ba da launin zinare mai haske. Maras kyau zai koma toka-toka. Wannan gwajin mahaifina ya san shi tun kafin a haife ni ba tare da an koya masa ba. Ka bar kofi ɗaya babu madara ya huce gaba ɗaya. In ka dawo ka tarar ya yi gauraye kamar an zuba masa wani abu, kada ka zubar da zaton ya lalace. Shayi mai ƙarfi ne ke yin haka in ya yi sanyi, kuma masu sana'ar suna murna da ganinsa.

In kana da sauran yini, dajin Ngel Nyaki yana kusa da ƙauyen Yelwa, ga kuma Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419, amma shi tafiya ce ta daban mai bukatar ɗan jagora da kwanaki. A kasuwar Nguroje ko Gembu ka sayi fiya da ayaba da zuma.

Wajen sayen shayin tsaraba ka duba ranar da aka sarrafa shi, ka sayi wanda za ka shanye cikin 'yan watanni. Ganyen shayi yana zuƙe duk warin da ke kusa da shi, don haka a mota kada ya haɗu da jarkar fetur ko busasshen kifi, a gida kuma ka sa shi a gwangwani mai murfi, nesa da daddawa da kayan yaji da sabulu. In ka dafa a gida ka ji ya bambanta da na can, kada ka ce an canza maka. A tsayin Mambilla ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 95, ƙasa da na kwari, sannan ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri-gishiri yana dusashe launin shayi ya danne ƙamshinsa. Ka gwada da ruwan gora ko ruwan sama da aka tace, ka rage lokacin zuwa minti 4.

Karon farko da na dawo, na haɗa wa Baba kofi ɗaya haka, babu sukari babu citta, na miƙa masa bayan la'asar kafin ya kafa tebur. Ya kurɓa sau biyu, ya karkata kofin wajen haske ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce in ɗauke ƙunshin daga cikin kayan tebur in kai masa ɗaki, na dattawan da ke zuwa shan ruwan bunu bayan sallar asuba ne.